Abin da Na Gama da Shi

Mpape, Abuja
Juma'a, 4 ga Yuli, 2025

Zuwa ga Yamusa,

Yau shekara talatin da huɗu da wata biyu ke nan da na miƙa maka ambulan a tashar mota a Kaduna, kuma har yanzu ban sake ganin abin da ke cikinsa ba. Na fara da wannan ne don kada ka ɗauka tsufa ya mantar da ni. Bayan haka, gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya jiki? Yaya maiɗakinka Christiana da ɗawainiyar jinya? Yaya yara da jikoki, da ruwan Mararaba? Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ne.

Ban yi niyyar rubutowa ba. 'Yata Mashkura ce ta zo mini da labari ranar Lahadi, wai 'yarka Rita, mai ɗinkin labule a Gwarinpa, ta gane ta a shago, suka rungume juna suna kuka a gaban mutane. Ita ta gaya mata ɓarin jikinka na dama ya shanye tun watan Janairu, harshe ya yi nauyi, hannu ba ya riƙe littafi. Wai kullum abu ɗaya kake maimaitawa: Datti, ƙarshen wata. Duk gidanka sun ɗauka maganar fansho kake yi, har Rita ta je ta bi layi a banki. Ni kaɗai na san abin da kake nufi. Yaran nan ba su san cewa tun muna kwalejin horon malamai a Zariya, duk ƙarshen wata kowannenmu yakan rubuta wa ɗan'uwansa abin da ya karanta da abin da zai karanta a wata mai kamawa ba, ko da kuwa gadajenmu na kallon juna.

To, zan yi maka na wannan watan. Ba don na huce ba. Rita, na san ke ce mai karanta masa. Ki karanta komai yadda yake, kada ki tsallake wurin da bai yi miki daɗi ba, kuma ki tsaya inda na sa aya.

Tunda ba ki san maganar ba, bari in gaya miki a taƙaice, shi ma ya sake ji. Lokacin da ake tashin ƙauyuka don gina wannan birni, ni da babanki muna koyarwa a makaranta ɗaya. Duk Asabar sai mu hau babur ɗinsa mu bi tsofaffi gida-gida. Suna magana da Gbagyi, yana fassara mini, ina rubutawa da Hausa: sunan kowane dutse da kowane rafi, wa ya fara sara a ina, wa aka binne a ƙarƙashin wace bishiya. Kakarki, wadda duk muke kira Mama, ita kaɗai ta ba mu shafi talatin da ɗaya. Shekara biyu muna wannan yawo, na yi wasu bakwai ina gyarawa da hannuna, ya tashi shafi ɗari biyu da shida, kwafi ɗaya tak a duniya. Ranar da aka maido ni Abuja daga Kaduna na ba babanki ya buga da tafireta. Bayan mako guda ya ce wai babu komai a ambulan sai kwafin takardun shaidata na makaranta. Ya kawo mini har ofis, na ƙi ko taɓawa. Bayan shekara uku wani malamin jami'a ya fitar da littafi da Turanci a kan ƙauyukan nan, da labarin dutsen da Mama ta ba mu a ciki. Shi ya zama farfesa. Ni na yi ritaya ina fassara sanarwar rigakafin shanu. Ki haɗa da kanki.

Yanzu karatu. Damina ta shiga ɗakina ta bango, sai na buɗe akwatin ƙarfen da matata marigayiya Batulu ta shirya mana ranar tasowarmu daga Kaduna. Tun da ta rufe shi ban taɓa kaiwa ƙasansa ba. Littafi arba'in da wani abu ne a ciki, duk suna warin gumi. Na ƙudura in bi su daga sama har ƙasa, wanda na gama in jefa shi a kwalin da ke bakin ƙofa ya sha iska.

Na fara da tarihin shimfiɗa layin dogo, wanda marubucinsa ya san nauyin kowane ƙarfe amma bai san sunan leburan ko ɗaya ba. Sai wani labari na wani alƙali da ya koma garinsu bayan ritaya, ya tarar an sayar da gidan ubansa an yi wurin wankin mota. Ina tsakiyarsa. Na san na karanta shi da, amma ban tuna yadda ya ƙare ba, kuma wannan ya dame ni fiye da yadda ya kamata. Bayansa akwai na kiwon zuma yana jira.

Ka gaida Christiana da kyau. Ita ba ta yi mini komai ba.

Ni ne,
Datti

Mpape, Abuja
Lahadi, 13 ga Yuli, 2025

Zuwa ga Yamusa,

Gaisuwa da fatan ka tashi lafiya, kai da iyali. Yaya ƙarfin jiki? An ce an fara ɗaga ka kana taka ƙafa zuwa bakin ƙofa. Madalla, Allah Ya ƙara.

Saƙon Rita ya iso ta hannun Mashkura. Wai ka yi dariya a wurin rigakafin shanu har ka ƙware, sannan ka buga gado da hannun hagu ka ce satifiket. Wato har yanzu kana kan bakanka cewa takardun shaidata na ba ka. Na yi fushi kwana biyu ban buɗe littafi ba. Mutumin da harshensa ya ƙi ɗaukar sunan 'ya'yansa, amma ya iya ɗaukar wannan kalmar.

Wani abu na faruwa da ni a ɗakin nan wanda ban gane ba, kuma ba ni da wanda zan gaya wa sai kai. Na gama labarin alƙali ranar Talata. Ranar Alhamis na so in duba wata jimla da ta tsaya mini a rai, na je kwali, babu shi. Na layin dogon ma babu. Na kira Mashkura na yi mata faɗa, don ita ce mai zuwa ta yi mini abin da take kira gyaran ɗaki. Ta rantse ba ta taɓa ba, ta kuma sake ɗauko tsohuwar maganarta, wai in bar Mpape in koma wurinta a Gwarinpa, ɗaki na nan da fanka. Na ga irin kallon da ta yi mini. Irin wanda ake yi wa tsoho ne in ya fara neman hularsa alhali tana kansa.

To ni ma na fara zargin kaina. Na zauna ina tambaya, shin na karanta littafin nan kuwa, ko tuna shi na yi daga karatun da? Na san alƙalin ya tsaya a wurin wankin motar yana nuna wa yara inda rijiya take. Amma ko a makon nan na gani, ko a shekarar da aka haifi Mashkura, wallahi ba zan rantse ba. Kullum da azahar in masu fasa dutse suka tayar da nakiya, bango ya girgiza, sai in ji kamar wani abu ya zube a cikin kaina ya bar gurbi.

Na kiwon zuma yana nan, don yana ƙarƙashin matashina. Ashe naka ne. A gefen shafi na arba'in ka rubuta da jan biro: Sarkin Gyara, ko ƙudan zuma sai ka gyara musu nahawu? Na manta kai ka sa mini wannan sunan. Na daɗe ina kallon rubutun. Ban san abin da zan yi da shi ba, sai na ci gaba da karatu.

Sunan dai bai bar ni ba. Maƙwabciyata Asibi, mai suyar ƙosai a bakin layinmu, 'yar wajenku ce, mutuniyar kirki, takan aiko mini da ƙosai a kwano duk da likita ya hana. Amma tana ce wa mijinta ke, ta ce wa 'yarta kai. Shekara huɗu ina gyara mata, tana dariya tana cewa Baba Ticha, ai ka gane. Haka Hausa ta koma a garin nan. Kowa na magana, ba mai sauraron abin da ya faɗa.

Yau da safe na kwashe akwatin kaf don in shanya shi, na jera sauran littattafan a kan benci. A can ƙasa babu komai sai wani ƙunshin tsofaffin jaridu da Batulu ta ɗaure da tsumman zaninta, mai ruwan goro ɗin nan da ka sani. Na cire tsumman ta gefe na ajiye, jaridun kuwa ko buɗewa ban yi ba, na cilla su kwali. Me zan karanta a jaridar wancan zamani, alkawuran da na riga na ga ƙarshensu? Asibi na wucewa da kwanonta ta tambaya ko na gama, na ce mata na gama, alhamdu lillahi.

Shirina na sauran watan: littafin taurari na Larabci da Hausa, da wani na tafiyar fatake zuwa Gwanja, da kundin waƙoƙin da muka haddace a aji uku. In ido ya bari, a Agusta zan shiga manyan na tarihi guda biyar.

Ka gaida gida. Ka daina buga gado, hannun ɗaya ya rage maka.

Naka,
Datti

Mpape, Abuja
Talata, 22 ga Yuli, 2025

Yamusa,

Gaisuwa. Ina fata kana lafiya, da Christiana da kowa. Ka yi haƙuri da rubutun. Rita, wannan ki karanta a hankali, in kin ga ya gaji ki tsaya.

Yau da na fito daga masallaci ban koma ɗaki ba, na bi ta bakin layi. A kan bencin Asibi akwai Philip, direban tifa mai ɗaukar tsakuwa, yana cin ƙosai yana karanta takardar da aka ƙunshe masa a ciki, da ƙarfi, don ya ba mutane dariya. Na ji yana haɗa baƙi da ƙyar, wai rafin da mata ba sa ɗiba ranar da aka yi haihuwa. Na tsaya. Na san jimlar. Na san kalmar da ke biye kafin ya kai gare ta. Ya ɗago ya ce, Baba Ticha, zo ka ga wani mai rubutu kamar na likita. Na karɓa. Mai ya ratsa takardar har ana ganin yatsuna ta baya. A sama, a kusurwar dama, an rubuta ɗari da goma sha huɗu an kewaye, yadda nake kewaye lamba tun ina aji ɗaya.

Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba. Abin da ya fara zuwa mini a rai, kuma sai na faɗa maka don kada in ɓoye komai, shi ne wai kai ka aiko da shi Mpape don ka wulaƙanta ni. Har na fara lissafin ta hannun wa. Sai na ga sauran a kan teburin Asibi, an danne da dutse kusa da robar yaji.

Na tambaye ta inda ta samu. Ta ce, “Baba, ai a kwalinka. Kai ne ta ce wanda ka gama da shi in ɗauka. Ranar nan ma na tambaye ka, ka ce ka gama.” Na buɗe baki in ce ba “ta” ake cewa ba, sai na rufe. Gaskiya ta faɗa. Shekara biyu da suka wuce, lokacin ina sayen jarida, ni da bakina na ce mata duk abin da na gama da shi yana cikin kwalin bakin ƙofa, ta ɗauka ba sai ta tambaya ba. Na daina sayen jarida bara, na manta da maganar. Ita ba ta manta ba. Ni ina nufin na gama karantawa. Ita ta ji na gama da shi. Na juya jimlar ta kowace fuska tun safe, ina neman inda ta yi kuskure, ban samu ba.

Littattafan da na yi ta nema, ta ce shafukansu sun yi mata ƙanana, ta ba Muktar mai tsire. Jaridun ta fara amfani da su, kwana uku da suka wuce ta iso wani ambulan a tsakiyarsu, cike da dogayen takardu. Har ta yaba, wai ba ta taɓa samun takarda mai shan mai kamar wannan ba.

Da ta ga fuskata sai ta sauke kasko daga wuta, da sauran ƙullu a roba, da mutane a tsaye suna jira. Ta ɗaura gyale ta bi ni. Muka bi kwata har gindin tudu, muka tona bola biyu, muka je inda 'yan acaɓa ke tsayawa, muka je ƙofar wurin fasa dutse inda leburori ke karyawa. Tana tsayar da mutane tana tambayarsu ina suka jefar da takardar ƙosan jiya. Wasu suka yi dariya, wasu suka taya mu dubawa. An yi ruwa shekaranjiya da jiya. Abin da muka tsinta yawanci ya zama dusa, tawada ta bi ruwa.

Ina zaune yanzu da abin da ya samu a kan tabarma, na danne kowanne da cokali ko kofi. Ban gane ba, Yamusa. Na tuna tashar. Na tuna rigar da ke jikinka, da yadda ka sa ambulan a hammata don yayyafi. Shekara talatin da huɗu ina ganin wannan a idona. In littafin yana ƙasan akwatina, me na ba ka?

Na san amsar da za ka bayar. Kada ka buga gado.

Datti

Mpape, Abuja
Alhamis, 31 ga Yuli, 2025

Zuwa ga ɗan'uwana Yamusa,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan wannan takarda ta same ka cikin sauƙi. Yaya jiki? Yaya Christiana, da Rita, da duk wanda ke gidan? Ina gode wa Rita da karatu, da kuma takardar da ta haɗo mini da hannunta.

Ambulan ɗin da ka aiko ya iso. Ban san ka ajiye shi ba. Rita ta ce a cikin akwatin rigunan cocinka yake tun kafin a haife ta, kuma ba wanda ya isa ya taɓa. Na buɗe. Takardun shaidata ne, da hotona ina da gashi. Asibi ma ta kawo mini ɗayan, wanda ta ajiye tana zuba katin asibitin 'yarta a ciki. Iri ɗaya ne sak, daga ofis ɗaya na ɗauko su. A bayan nata an rubuta da hannuna: Yamusa, a buga. Na ɗora su gefe da gefe na yi ta kallo. Ina jin Batulu ta ga ana yayyafi ranar, kaya kuma a buɗaɗɗiyar mota za su, sai ta naɗe wanda ta san ya fi mini daraja a jarida ta sa a ƙasa. Ni kuma na ɗauki wanda na gani a kan tebur. Ta ji ni ina zaginka shekara da shekaru. Ko ba ta san abin da ta naɗe ba, ko ta gaya mini ban saurara ba, wannan ba ni da wanda zan tambaya.

Farfesan ma na yi ta tunaninsa. Mama takan ba da labarin dutsen nan ga duk wanda ya zauna a tabarmarta, har mai sayar da gishiri. Na san haka tun a lokacin. Ban san yadda aka yi na ƙi saninsa ba.

Lokacin rasuwar Batulu ka zo har ƙofa, na aika aka ce ina barci. Bikin Mashkura ka aiko da buhun doya, na mayar. Daga Mpape zuwa Mararaba mota biyu ce. Na rubuta abin da ke biye sau uku ina sokewa, ina neman yadda zai fi kyau, babu. Ka yafe mini. Ƙarya na yi maka, kai ba ka yi mini ba.

Ga ƙarshen watan da ka nema. Na karanta littafi tara. Bakwai sun tafi wurin mai tsire, ciki har da alƙali, don haka jimlar da nake nema ta tafi ke nan. Na kiwon zuma yana nan, zan maido maka abinka. Na taurari ban gama ba, na kai tsakiya na ga ina karanta layi ɗaya sau biyar. Asibi ta daina aiko da ƙosai don kunya, sai da na je da kaina na ce ta ci gaba. Ta ce mini, Baba, ki yi haƙuri. Na ce na yi.

Na Agusta kuwa, manyan littattafan tarihin nan su jira. Na sayi sabon littafin rubutu mai shafi tamanin da biro biyu. Ranar Asabar Mashkura za ta kawo ni, in ka yarda a buɗe mini ƙofa. Zan karanta maka abin da ya dawo, inda mai bai cinye ba, in ka tuna abin da ke gaba ka faɗa, ko kalma ɗaya ce, in rubuta. Rita ta ce tun da ciwon ya same ka Gbagyi ya fi zuwa bakinka da sauƙi fiye da Hausa. Ni kuma ban taɓa koyonsa ba, shekara biyu ina bayanka a babur ina jira a fassara mini. Ban san yadda za mu yi ba. Wataƙila Christiana ta zauna a tsakani. Tsofaffin da muka bi duk sun tafi, inda gidajensu suke yanzu titi ne da shataletale.

Ka gaida kowa da kowa. Sai na zo.

Ni ne naka,
Datti Sarkin Gyara

Rita, kin tambaya a takardarki ko maganar kakarki na cikin abin da aka tsinto, wai babanki yana son ya sake ji. Shafi ɗari biyu da shida ne, goma sha bakwai suka dawo. Na Mama daga sittin da biyu ne zuwa casa'in da biyu. Na duba sau uku. Ko ɗaya babu.